Yaya Bai Ce Ƙurunƙus Ba

Yayana ya ɓata tun ina sakandare, kuma har yau ba a gan shi ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya zauna yana jiran in ce an same shi a ƙarshe. Abin da nake son faɗa shi ne yadda na fara sanin littattafan al'ajabi da na ban tsoro, kuma ba ni da hanyar faɗin hakan ba tare da shi ba, domin a bakinsa na fara karanta su, tun ban iya haɗa kalmar Turanci ko ɗaya ba.

Gidanmu yana tsohon gari ne a Dutse, can gindin duwatsu inda itatuwan dabino suka fi yawa. Mahaifinmu malamin allo ne, makarantarsa tana zaure, kuma kowa Malam yake ce masa har mu 'ya'yansa. A lokacin ba a daɗe da mayar da Dutse babban birnin jiha ba, ma'aikata suna ta kwararowa da iyalansu da katifunsu ɗaure a kan motoci. Wani daga cikin baƙin nan, wanda ba mu taɓa sanin ko wane ne ba, ya tashi ya bar kwali guda cike da littattafan Turanci. Daga hannu zuwa hannu kwalin ya ƙare a wurin wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin layinmu, wadda muke kira Gwaggo ko da yake ba mu haɗa komai da ita ba. Gwaggo in ta ga takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, sai ta ɗauka ta karkaɗe ta tura a tsagar katanga. Takardar boko kuwa a wurinta Allah ya yi ta ne don naɗe ƙosai.

Yaya yana sakandare a lokacin, ni kuwa ina 'yar firamare mai yawan surutu. Wata safiya aka aike shi sayen ƙosai, ya dawo ya tsaya a ƙofar gida yana karanta takardar da aka naɗo masa, mai duk ya jiƙa ta, har ƙosan ya huce Inna ta leƙo tana faɗa. Da ya ajiye saƙon sai ya koma wurin tsohuwar, ni kuma na bi shi.

Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, don Allah in za ki yaga littattafan nan, ki riƙa yaga daga farko, ki bar mini ƙarshen. Farkon labari ko babu shi mutum zai gane."

Ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, ɗan nan. Ka ɗebo mini ruwa, ka faskara mini itace. In na rage abin da zai ishe ni, sauran naka ne."

Gwaggo ta cika alkawari. Don ma kada ta cinye masa littafi guda gaba ɗaya, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cire kaɗan-kaɗan daga farkon kowanne. Sai dai ita karatun allo ta yi, kuma duk littafin da ta taɓa buɗewa a rayuwarta daga hannun dama ake fara shi. Ranar da Yaya ya gama aikinsa ya je karɓar kwalin, ya tarar da kowane littafi da bangonsa da farkonsa lafiya lau, babu ko ɗaya mai ƙarshe.

Ya yi ƙoƙarin yi mata bayani cikin ladabi. Ta ɗago matsami daga cikin mai ta nuna shi da shi.

"Ni za ka nuna wa farkon littafi? Na sauke Alƙur'ani tun Innarka tana goye. In Nasara ya ga dama ya fara nasa daga gindi, wannan tsakaninsa da hankalinsa."

Haka muka ɗauko kwalin, Yaya yana dariya har yana tuntuɓe.

A bayan gidanmu akwai wani dutse da ya ranƙwafo ya yi inuwa. Can muke zuwa tsakanin azahar da la'asar, lokacin da Malam yake ɗan kishingiɗa kuma ɗalibai sun watse. Yaya zai karanta shafi a zuci, leɓɓansa suna motsi, sannan ya ɗago ya faɗa mini da Hausa. In ya ci karo da kalmar da bai sani ba sai ya yi tsaki ya tsallake ta. In ya ci karo da abin da babu sunansa a Hausa sai ya raɗa masa suna nan take, kuma ba a gardama.

Littafin farko labarin wani birni ne da ƙaton maciji mai fukafukai yake barci a ƙarƙashinsa. Saboda kada ya farka, duk mutanen birnin raɗa suke yi, ciniki da raɗa, faɗa da raɗa, har jarirai ana toshe musu baki in za su yi kuka. Sai aka haifi wata yarinya mai ƙarar murya. Yaya yana zuwa nan ya dube ni ya ce, "Ashe har Turawa sun ji labarinki." Na yi fushi, amma ban tashi ba. Mun shafe makonni a birnin nan. Ni da ban taɓa wuce kasuwar Shuwarin ba, na san lungunansa, na san rigunan mutanensa, har in na taka dutse a bayan gida sai in ji kamar akwai abin da ke numfashi a ƙarƙashinsa. Aka kori yarinyar, ta sha wuya, ta dawo, ta gangara har bakin ramin macijin, ta buɗe baki za ta yi ihu. Nan Yaya ya tsaya.

Na ce, "Daga nan fa?"

Ya juyo mini littafin in ga inda aka yage. Ya ce, "Daga nan Gwaggo ta naɗe ƙosai."

Na yi kuka na gaske a ranar. Na je har wurin Gwaggo na tambaye ta ko ta tuna wanda ta sayar wa ƙosai a cikin takardun, ta kore ni da matsami.

Littafi na biyu labarin jirgi ne da ya tashi daga duniya zai je wani tauraro. Tafiyar ta yi nisan da waɗanda suka fara ta duk suka mutu a hanya, jikokinsu suka ci gaba, ba su taɓa ganin ƙasa ko ruwan sama ba. Akwai mutanen ƙarfe da ke yi musu girki da wanki. Ni duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ina suke fuskanta in za su yi salla. Yaya ya ce ai ba Musulmi ba ne, na ce to da a ce akwai Musulmi ɗaya a ciki fa. Na san abin ya tsaya masa, don bayan kwana biyu na ji shi a zaure yana tambayar Malam hukuncin matafiyin da alƙibla ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Malam ya dube shi ta saman tabarau ya tambaye shi ko ya ci abinci. Shi ma wannan littafin ya yanke ne a daidai lokacin da mutanen jirgin suka hango wani haske a gabansu.

Haka muka yi ta yi. Matattu sun tashi daga kabari, sun nufo gari, Gwaggo ta naɗe ƙosai. Wani likita ya haɗa maganin da ke sa mutum ya daina tsufa, ya sha, ya dubi madubi, Gwaggo ta naɗe ƙosai. Na saba har na ɗauka haka Turawa suke rubuta labari, su kai mutum bakin rijiya su tafi su bar shi.

Kakarmu, mahaifiyar Malam, ita ta fara kama mu. Ta fito neman akuyarta ta tarar da mu a gindin dutsen, Yaya yana kwaikwayon tafiyar gawa. Ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Tatsuniya da rana tsaka? So kuke ku ɓata?"

Duk yaron da ya tashi a wajenmu ya san wannan. Tatsuniya ta dare ce, wanda ya yi ta da rana zai ɓata a rasa inda ya shiga. Malam yana cewa camfi ne, tsofaffi suka ƙirƙira don yara su yi aiki da rana, amma ba a gaban Kaka yake faɗa ba.

Yaya ya ce, "Kaka, ba tatsuniya ba ce. Littafi ne."

"Abin da ke ciki ya faru?"

"Bai faru ba."

"To tatsuniya ce, ko a jikin ƙarfe aka rubuta ta." Sannan ta sassauta. "In dai kun ƙi ji, to duk wadda kuka gama ku ce ƙurunƙus, ku rufe ta. Labarin da aka bari a buɗe, bin mai shi yake yi."

Ƙurunƙus ita ce kalmar da ake rufe tatsuniya da ita, in an faɗe ta kowa ya san an gama, a tashi a kwanta. Yaya ya yi dariya ya nuna mata gindin littafin. Ya ce ta yaya zai rufe abin da bai ƙare ba, sai dai ta je ta yi ƙarar Gwaggo. Kaka ta ce, "Kai ka sani," ta wuce neman akuyarta. Daga ranar duk sanda ta gan mu mun nufi bayan gida sai ta ce, "An tafi ɓata ke nan," mu kuma mu amsa mata da cewa sai mun dawo.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, kwalin ya kusa ƙarewa. A wannan tsakanin Yaya ya fara canzawa, amma a hankali, irin canjin da ake cewa girma ne. Ya rage dariya. Ya daina cin abinci a kwano ɗaya da ɗaliban Malam, sai Inna ta zuba masa nasa yana tsaye yana kallo. Ya janye tabarmarsa daga jikin bango ya mayar da ita tsakiyar ɗaki, ya ce kunama yake gudu. Amma bai daina zuwa gindin dutse ba.

Littafin da ya ɗauko a ƙarshe yana da hoton wani gida a bakin baƙin ruwa. Ya ce wannan ya fi duk sauran ban tsoro, in na san ba zan iya ba in faɗa tun yanzu. Na ce zan iya.

Ya ce labarin wani yaro ne, ɗan mutanen kirki, wanda wata rana yana zaune a ɗakinsa ya ji an yi masa sallama daga cikin bango. Ya amsa, don ba a ƙin amsa sallama. Muryar tana da ladabi, ta tambaye shi karatu, ta tambaye shi mutanen gida, ta san sunan kowa. Da farko yaron har daɗi yake ji, ya samu abokin hira. Daga baya muryar ta fara faɗa masa abubuwa. Ta ce abokansa in sun yi dariya da shi suke. Ta ce akwai mai zuba masa abu a abinci, amma ba za ta faɗi ko wane ne ba tukuna. Yaron ya toshe kunne da auduga, sai ya ji ta fi fitowa sarai. Ya karanta duk addu'ar da ya sani, sai ta jira ya shafa sannan ta ce amin.

Tsigar jikina ta tashi, ga rana tana dukan dutse, ga kurciya tana kuka a kan dabino. Na ce, "Me ya sa bai faɗa wa babansa ba?"

Yaya ya ce, "Babansa babban mutum ne, mutane suna kawo masa marasa lafiya yana yi musu addu'a. Ya za a ji cewa abin yana cikin gidansa?"

"To innarsa fa?"

"Muryar ta ce in ya faɗa wa innarsa, za ta koma wurinta."

"Daga nan fa?"

Ya ce sai gobe. Gobe ma muka koma, da jibi. Kullum muryar tana ƙara ƙarfi, ta zama biyu, ta zama uku, suna gardama a kansa kamar ba ya wurin. Ni kuwa kullum ina ɗokin azahar ta yi. Ban taɓa jin labari mai daɗin wannan ba, kuma na faɗa masa haka. Ya yi murmushi ya ce ya gode.

Ranar da Kaka ta sake zuwa, ba mu ji tahowarta ba. Ashe ta daɗe a tsaye a bayan dutsen tana saurare. Ta zagayo, fuskarta babu wasa ko kaɗan, ta ce masa, "Rufe shi. Ka ce ƙurunƙus yanzu a gabana."

Na jira ya ce Gwaggo ta naɗe ƙosai. Bai ce ba. Ya dube ta ya ce, "Bai ƙare ba, Kaka. Ni ma so nake ya ƙare."

Ta fizge littafin daga hannunsa ta cusa a cikin zanenta ta tafi. Bai bi ta ba, bai roƙe ta ba. Ya zauna yana kallon tafin hannunsa har aka kira la'asar.

Ba a yi wata guda ba, wata hantsi muka ji sara daga ɗakin samari. Aka tarar da Yaya da gatari yana fasa bangon ɗakin, gumi ya jiƙa shi, yana cewa su fito a yi ta ta ƙare. Sai da manyan ɗaliban Malam suka taru suka danne shi.

Kowa ya san dalili nan take. Littattafan Nasara ne, masu hoton gawa da macizai, yaro ya yi ta karanta su a gindin dutse da rana tsaka, a inda kowa ya san ba a rasa mutanen ɓoye. Maƙwabta suka faɗa, dangi suka faɗa, Gwaggo ta zo har gida tana kuka tana cewa da ta sani da ta naɗe ƙosai da su duka. Malam ba mai faɗa ba ne. Ya sa aka fito da kwalin bayan gida, ya kunna masa wuta da hannunsa, ya tsaya har ya cinye. Na tsaya daga nesa ina kallon birnin masu raɗa da jirgin taurari suna tafiya. Ban yi gardama ba, don ni ma na yarda su ne.

Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi ruƙiyya, aka kai shi wurin malamai har ƙasar Garki. Daga baya wani ƙanin Malam da muke kira Baffa, wanda yake aikin gwamnati, ya matsa aka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Maganin asibiti ya kwantar da shi. Ya yi ƙiba, ya yi nauyi, yana wuni a zaune a ƙofar ɗaki yawu yana taruwa a gefen bakinsa. Wani lokaci yakan warware har ya taya Malam biya wa yara karatu, Inna ta fara maganar komawarsa makaranta. Sai abin ya dawo. Na taɓa zama kusa da shi na ce ya ba ni labari ko guda ɗaya, ko wanda na sani ne. Ya ce, "Ke dai ki yi karatu, ki karanta da kanki." Shekaru muka yi a haka.

Ranar da ya ɓata ranar kasuwa ce. Ya yi sallar azahar a masallacin ƙofar gida, ya ɗauki buta ya zagaya baya, wajen duwatsu. Aka tsinci butar a gindin dutsenmu da sauran ruwa a ciki.

Aka hau duwatsu, aka leƙa rijiyoyi, aka ba da cigiya a rediyo. Malam ya bi kasuwanni da tashoshin mota, Kiyawa, Jahun, Birnin Kudu, har Kano, da hoton Yaya na makaranta a aljihu, har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Inna ta riƙa ajiye masa tuwo a rufe, da safe a ɗumama wa yara. Kaka kuwa, wadda na yi zaton za ta ce ai ta faɗa, ba ta taɓa cewa komai ba. Ta daina yi mana tatsuniya ko da dare, kuma in wani jika ya roƙa sai ta ce ta manta su.

Ina kwalejin horon malamai, ina karanta Turanci, Kaka ta rasu. Bayan an share makoki muka shiga kwashe kayan ɗakinta. Da aka ɗaga gadonta na ƙarfe, sai ga littafi a ƙarƙashin ƙafa ɗaya, ta tokare da shi don gadon ya daina rawa. Ƙafar gadon ta lotsa tsakiyarsa, gara ta ci gefe, amma na gane gidan da ke bakin baƙin ruwa. Shi kaɗai ya tsira daga wutar Malam.

Na tafi da shi gindin dutse, na zauna inda Yaya yake zama. Ina ganin zan sake jin muryarsa. Na karanta daga shafin farko har inda Gwaggo ta yaga. Labarin wani manomi ne da matarsa a wata ƙasa mai sanyi, suka sayi gida a bakin tafki, wani abu yana fitowa daga ruwan yana ja musu dabbobi. Babu yaro a ciki. Babu bango, babu sallama, babu uba mai yi wa marasa lafiya addu'a. Na koma farko na sake bi shafi-shafi, ina duba lambobin ko an cire wasu a tsakiya. Ba a cire ba.

A nan na tuna abin da idona ya gani tun ina yarinya amma ban san ma'anarsa ba. Duk kwanakin da yake ba ni labarin yaron nan, leɓɓansa ba su motsa a kan shafi ba, kuma ban ga ya juya takarda ba. Riƙe littafin kawai yake yi.

A gidan Malam, saurayi ba shi da bakin da zai ce yana jin murya a bango. Amma yana iya cewa wani Bature ya rubuta labarin yaron da ke ji. Yaya ya faɗi ciwonsa tun daga farko, dalla-dalla, da rana tsaka, ga mutum ɗaya da ya tabbata za ta zauna ta saurara, kuma mutumin nan yarinya ce da ba ta iya komai ba sai cewa daga nan fa. Mu kuma muka ƙone littattafan. Ba na zargin kaina, yarinya ce ni. Ba na zargin Malam, ya yi abin da ya sani, kuma ya rasu yana cigiya. Na nemi wanda zan zarga na rasa, kuma wannan bai rage mini baƙin ciki ko kaɗan ba. Abin da ban sani ba har yau shi ne ko Kaka ta gane a ranar da ta saurara. Ina zaton ta gane wani abu, ta yi amfani da maganin da take da shi, kalma ɗaya, shi kuma ya faɗa mata gaskiya cewa bai ƙare ba.

Yanzu ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata, ina zaune a Takur da mijina da 'ya'yana. Na karanta irin littattafan nan da yawa, cikakku, masu ƙarshe. A ƙarshen ana kashe macijin, jirgin yana sauka, ana gano abin da ke cikin ruwa a ƙone shi. Ko ɗaya bai taɓa ba ni tsoro ba, kuma in na rufe su haushi nake ji. 'Ya'yana suna kallon irinsu a waya da rana tsaka, babu mai ce musu za su ɓata.

Inna ta rasu tana cewa a bar ƙofar zaure a buɗe. Tun bayan rasuwarta Baffa yake bina da magana, cikin lallashi, cewa shekaru sun yi yawa, a je gaban alƙali ya yanke cewa Yaya ya rasu, a yi masa addu'a da sadaka kowa ya huta. Sauran dangi duk sun yarda, ni kaɗai na rage. Kullum ina ce masa a ɗan ƙara mini lokaci. Har yanzu in aka ce an ga wani mai taɓin hankali a wata kasuwa, dogo, mai tsagar gado irin tamu, sai na je. Na daina sa rai tuntuni, amma ƙafata ba ta daina zuwa ba.

Watannin baya wata tsohuwar ɗalibata ta kira ni ta ce akwai wani a bayan tashar Shuwarin, yana magana shi kaɗai, wani lokaci har da Turanci. Na tashi daga makaranta na hau a-daidaita-sahu. Tun daga nesa na san ba shi ba ne. Gajere ne, kuma bai kai shekarun da Yaya zai kai ba. Na so in juya kamar yadda na saba, amma rana ta yi zafi kuma na gaji, sai na zauna a kan wani kututture a inuwar da yake.

Bai kula ni ba. Yana ba wani da ba na gani labari ne, a natse, kamar mai ba da rahoto. Ya ce suna ƙarƙashin ƙasa, sun san sunansa, da safe su gaishe shi, da rana su zage shi. Ya ce ya canza gari sun riga shi isa. Ya ce ya roƙe su su bar shi ya yi barci, sun ce za su yi shawara. Na zauna ina ji, masu lodin buhuna suna wucewa suna kallon malama da jakarta a gefen mahaukaci. Can labarin ya tsaya.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Daga nan fa?" ba.

Ya juyo ya dube ni sosai, idonsa tar, babu alamar hauka a ciki. Ya ce, "Hajiya, babu daga nan. Haka ake ta yi kullum."

Na sayo masa ƙosai a wurin wata yarinya, ta zuba a baƙar leda. Ya karɓa ya yi godiya, ya shinshina, ya ajiye a gefe bai ci ba.

Da na koma gida na kira Baffa na ce su je wurin alƙalin, na yarda. Ya yi hamdala, ya sa mini albarka, ya ce to yanzu an rufe magana. Na riƙe wayar a kunnena, ƙurunƙus ta ƙi fitowa daga bakina, har ya ɗauka layin ne ya yanke ya kashe.